Waya ta ƙi gane yawancin littattafaina, yaya zan yi musu rajista?

Malamin Tarihi, Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar kwamfuta, da ma'aikatan laburare in akwai su a cikinmu.

Ni malamin sakandare ne, tarihi nake koyarwa, ritaya ta kusa. Tun ina ɗalibi a Zariya nake tara littattafai. Yau sun cika kanta huɗu a falo, ban da na cikin kwalaye a ƙarƙashin gado waɗanda uwargida ta gaji da magana a kansu. Bara Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, 'yan'uwa suka ce tunda ni ne mai wuri a kawo nasa gidana kafin a zauna rabon gado. Akwatunan ƙarfe uku ne, yawanci na Larabci. In aka haɗa da nawa, a kirdadona za su haura dubu ɗaya da ɗari biyar.

Abu biyu ne suka sa nake son rajista. Na farko aro. Mutum ya shigo ya ce Malam ba ni wannan in duba, sati mai zuwa zan dawo da shi, shekara ta zagayo ba shi ba littafi, in kun haɗu a ɗaurin aure kuma ba ka iya tayar da maganar. Na biyu, wanmu ya ce lallai a rubuta abin da ke cikin akwatunan Baba ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gani da idonsa kafin a raba, kuma gaskiyarsa ce.

Babban ɗana ya sa mini wata manhaja a waya wadda ake haska bakod ɗin bayan littafi da kamara. Muka fara da kantar Turanci. Ka haska, ta yi ƙit, sai ga suna da marubuci da hoton bango har da yawan shafuka. Na ce to ai kafin la'asar mun gama. Da muka gangaro kantar littattafan gida sai labari ya sha bamban. Wasu suna da bakod, wayar ta karanta, amma ta ce ba ta san littafin ba. Wasu lamba goma ce kawai a rubuce ba zane. Tsofaffin bugun Zariya, da na Hausa na uwargida da take saya a Kano, da kusan duk na Baba, ko lamba babu. Abin da ya fi ba ni mamaki, na haska wani littafin tarihi na makarantun sakandare, sai ta fito mini da littafin aikin gona. Na sake haskawa, aikin gona dai.

To laifin waya ne ko na manhajar? In sayi irin na'urar nan da ake haska kaya da ita a manyan kantuna? Wace manhaja ce ta dace da mutum irina wanda iyakar saninsa Word da Excel na shigar da makin ɗalibai? Waɗanda ba su da lamba kuma, waɗanda su ne mafi yawa kuma su na fi ji da su, yaya ake yi da su? A tuna da tsadar data da halin da wuta take ciki. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Rigasa

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya jiƙan mahaifinku.

Wayarka lafiyarta ƙalau. Babu sunan littafi ko na marubuci a cikin bakod, lambobi goma sha uku ne kawai, wato ISBN, lambar shaidar littafi ta duniya, wadda ke rubuce a sama ko ƙasan zanen. Kamar lambar mota ce, ita kaɗai ba ta faɗin mai motar sai an je an duba a rajista. Manhajar tana ɗaukar lambar ta tambayi rumbunan bayanai na intanet, irin su Google Books da Amazon da Open Library da manyan laburarorin Amurka da Ingila. In wani ya taɓa shigar da littafin a can sai ta kawo maka, in ba a taɓa ba sai ta ce ba ta sani ba. Shi ya sa na Landan suke fitowa, na Ibadan da Zariya su ƙi.

Amma manhajojin ba wuri ɗaya suke tambaya ba, don haka kada ka yanke hukunci da guda ɗaya. Gwada LibraryThing. Tun 2005 take, ta zama kyauta gaba ɗaya a 2020, kuma a shafinta na intanet kana iya zaɓar laburarorin da za ta bincika. Jami'o'in waje masu sashen nazarin Afirka sun daɗe suna sayen littattafan Hausa, wani abin da Amazon bai sani ba sai ka same shi a can. Libib ma ba laifi, kyauta ce har abu 5,000. Goodreads ni ban ba ka shawararta ba, ta fi dacewa da mai son nuna abin da ya karanta, kuma mallakar Amazon ce tun 2013. In kana rubuce-rubucen bincike, Zotero a kwamfuta tana karɓar ISBN, kuma tana ajiye komai a cikin kwamfutarka.

Duk wadda za ka ɗauka, kafin ka shigar da littafi goma ka duba ko tana bari ka fitar da bayananka a fayil na Excel ko CSV, wani nau'in fayil na jadawali da Excel ke buɗewa. Wadda ba ta bari, rabu da ita. Akwai wata da na yi amfani da ita, wata rana aka sauya tsari aka ce sai an biya da dala kafin a fitar da komai.

Sikana ta hannu mai USB tana da daɗi in kaya da yawa. Ba ta buƙatar data ko wata manhaja, kwamfuta tana ɗaukarta a matsayin kibod, ka haska ta rubuta lambar a Excel ta sauka layi na gaba. Amma ga tarko. Excel in ya ga lamba ta wuce guda goma sha ɗaya sai ya dunƙule ta ya nuna maka wani abu kamar 9.78978E+12, in kuma lambar ta fara da sifili ya cinye sifilin. In ka adana a CSV a haka, lambobin sun tafi ke nan. Kafin ka fara, zaɓi ginshiƙin ISBN gaba ɗaya ka mai da shi na rubutu, abin da Excel ke kira Text.

Wani abu kuma, in kana da ƙananan littattafan Amurka na gwanjo irin na bakin titi, da yawa daga tsofaffin bakod ɗin bayansu na farashi ne, ba ISBN ba. Buɗe bangon gaba, sau da yawa na gaskiyar yana ciki.

Mai Laburare, Unguwar Rimi

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya gafarta wa Baba. Aikina ke nan shekara da shekaru, katalog nake yi, don haka a yi haƙuri in na yi tsawo.

Duk abin da ƙanena na Rigasa ya faɗa haka yake, sai dai ni ba zan ce ka fara da manhaja ba. Ka ce da bakinka marasa lamba su ne mafi yawa. To in ka gina rajistarka a kan ISBN, ka gina ta a kan abin da yawancin littattafanka ba su da shi. A 1970 aka amince da ISBN a matsayin tsarin duniya. Kafin nan sai 'yan littattafan Ingila na ƙarshen shekarun 1960 masu lamba tara, waɗanda in ka sa musu sifili a gaba suke zama goma. Ka dubi tarihin ɗab'i a Arewa: Gaskiya Corporation 1945, hukumar adabi ta NORLA a shekarun 1950, kamfanin ɗab'i na NNPC 1966. Duk abin da ya fito a wancan zamani bai san wata ISBN ba, sai dai in sabon bugu ne na baya. Littattafan Kano da suka bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980 kuwa, marubuci ne yake kai wa mai injin ɗab'i da kuɗinsa ya kwaso ya kai kasuwa, kaɗan ne suka bi ta kan lamba.

Abin da muke yi a laburare tun kafin kwamfuta shi ne kowane littafi da ya shigo a ba shi lambarsa ta gida, a jere, 0001, 0002, har abin da ya sawwaƙa. Lambar ba ta nufin komai, ba ta nuna fanni ko kanta, aikinta kawai ta bambanta wannan kwafin da kowane kwafi a duniya. Ba a maimaita ta. Ko littafin ya ɓata ko gara ta cinye shi, lambarsa ta mutu tare da shi, a rubuta abin da ya same shi a gabanta. Ka rubuta ta a bayan shafin suna, ka kuma zaɓi wani shafi guda a ciki, ko na 21 ko na 33, ka riƙa maimaita ta a can a kowane littafi, saboda mai son ya riƙe maka littafi shafin farko yake yagewa. Tsofaffin da fensir, ban da biro, ban da salatif. Tunda kayan mutum biyu ne a gidan, sa harafi a gaba, naka M, na Baba B, kada su taɓa cakuɗuwa.

Daga nan Excel ɗin da ka sani ya ishe ka. Littafi dubu biyu ba komai ba ne a wurinsa. Wani zai ce maka Koha, ita laburarori da yawa suke amfani da ita, kyauta ce, daga New Zealand ta samo asali, amma sai an kafa mata saba, wato kwamfutar da za ta zauna a kai, da mai kula da ita, ba kayan falo ba ce. Ginshiƙan da nake ganin ba makawa: lambar gida, suna, marubuci, maɗaba'a da garin bugu, shekara, harshe, juzu'i, ISBN in akwai, fanni, inda yake a ɗaki, na wane ne, sai wurin aro da wurin ƙarin bayani. Kada ka wuce haka da yawa. Na sha ganin mai zumuɗi ya buɗe ginshiƙi talatin, har da launin bango, ya yi littafi hamsin ya ajiye aikin.

Ka ɗauki bayani daga shafin suna na ciki da bayansa, kada ka dogara da bango, don bango yakan taƙaita suna ko ya ƙara talla. Abin da littafi bai faɗa ba, kamar shekara, rubuta "babu shekara", in kana da zato ka sa shi a ƙarin bayani ka nuna zato ne. Kai malamin tarihi ne, ba sai na yi maka dogon bayani a kan wannan ba.

Wurin da mutane suka fi shan wuya shi ne sunayen marubuta, kuma ba a gane hakan sai an yi nisa. Dubi Shehu Usmanu. Wani littafin zai rubuta Usman dan Fodio, wani Uthman ibn Fudi, wani Usmanu Ɗanfodiyo, ga na Larabci. In ka kwafi kowanne yadda ya zo, ranar da ka ce Excel ya jera maka abin da Shehu ya rubuta zai warwatsa su wuri huɗu. Ka zaɓi siga ɗaya ga kowane marubuci, ka buɗe shafi na biyu a fayil ɗin ka rubuta wadda ka zaɓa da sauran da ka ci karo da su. Haka fanni. Ka tsara kamar goma sha biyar ka tsaya a kansu, kada yau ka rubuta "Tarihi" gobe "Tarihin Nijeriya" jibi "Nijeriya, tarihi". Haka ƙ da ɗ da ɓ. Ko dai kullum da lanƙwasa ko kullum babu, don a wurin kwamfuta Ƙ da K haruffa ne daban, in ka nemi ɗaya ba za ta kawo ɗayan ba. Ni na fi son lanƙwasar a sunan littafi tunda haka aka buga shi. In za ka fitar da fayil a CSV ka zaɓi mai UTF-8, in ba haka ba da su da Larabcin duk alamar tambaya za su koma.

Kada ka wahalar da kanka da Dewey, tsarin jera littattafai da lambobi bisa fanni. Na san shi ake gani a makarantu, amma a 1876 wani Ba'amurke ya tsara shi bisa kantocin ƙasarsu. Kiristanci ya mamaye daga 220 zuwa 280, Musulunci gaba ɗayansa, tafsiri da hadisi da sira, an cusa shi a 297. Harshen Hausa 493.72, adabinsa 893.72, tarihin Nijeriya 966.9. Ka ga kusan duk ɗakinka zai taru a lamba huɗu masu dogon jela. Ka ba kantocinka haruffa, ka ƙirga hawa-hawansu, A3 ta zama kanta ta farko hawa na uku. Wannan zai kai ka ga littafi, wanda shi ne abin da ake nema.

Batun littafin tarihi da ya koma aikin gona. Hukumar Laburare ta Ƙasa ce take ba da ISBN a Nijeriya, kuma ƙa'ida kowane littafi da kowane sabon bugu da lambarsa. Amma akwai mai ɗab'in da zai karɓi lamba ɗaya ya yi ta manna ta a kan duk abin da ya buga, akwai mai kwafo bakod daga bayan wani littafi don bango ya yi kyau, ga masu bugun sata. Za ka iya kama wasu. Lambar Nijeriya a tsarin ita ce 978, kuma tun 1 ga Janairun 2007 da aka koma lamba goma sha uku ake sa 978 a gaban yawancin littattafan duniya, saboda haka namu 978-978 suke farawa. In littafi ya ce a Kaduna aka buga shi amma lambarsa ta fara da 978-0 ko 978-1, wato rukunin ƙasashen Ingilishi irin su Ingila da Amurka, to ko dai reshen kamfanin waje ne ko kuwa aro aka yi. Masu lamba goma da suka fara da 978 kuma ba guntaye ba ne, tsohon tsari ne na Nijeriya, ka buga su da hannu a manhaja za ta karɓa. Lamba ta ƙarshe ta tantancewa ce, lissafa ta ake yi daga sauran, shi ya sa wani lokaci za ka ga X a ƙarshen tsohon tsari, tana nufin goma. In manhaja ta ce lamba ba daidai ba ce bayan ka tabbatar ka kwafa daidai, kuskuren daga maɗaba'a yake. Rubuta ta yadda take, ka nuna hakan a ƙarin bayani.

To ina amfanin haskawa? Kantar Turancin nan. Ka haska su a manhaja, ka fitar a Excel, ka zuba a babban fayil ɗinka, ka ba su lambar gida kamar kowa. Amma ka riƙe littafin a hannu ka gwada da abin da ta kawo kafin ka wuce.

Hajiyar Malali

Malam, a bar wa uwargida nata ta yi da kanta, ita ta san wanda ya ɓata. Irin namu na Kano labari ɗaya kan zo kashi uku ko huɗu, kuma kullum na biyu ne ake arowa a ƙi dawowa. Kowane kashi a ba shi layinsa, in ba haka ba rajista za ta ce akwai alhali rabi ne. Masu shagon hayar littafi a unguwarmu da littafin rubutu mai falle tamanin suke riƙe da ɗaruruwa, suna da rana da sunan wanda ya karɓa. Ni yanzu hoto nake ɗauka, mai aro riƙe da littafin, in tura masa ta WhatsApp nan take. Ana dariya, amma ana dawowa da shi.

Almajirin Zaure, Unguwar Sarki

Allah gafarta Malam, Allah ya haskaka kabarin mahaifinku. Zan tsaya a kan akwatunan kawai.

Kafin komai a ware abin da ba nasa ba. Malamai suna aron littattafan juna, wani ya shekara ashirin a hannun wani. Ku duba shafin farko da na ƙarshe, za ku ga an rubuta milku wane, wato mallakin wane, ko an rubuta waƙafi ne ga masallaci ko makaranta kaza. Waɗannan ba sa shiga rabo, amana ce a mayar. Ginshiƙin da Malama mai laburare ta kira "na wane ne" a nan zai yi aiki. Kuma sauran ma, kafin a raba dukiyar magada ce, kada a ba da aronsu ko a haɗa su da naka a kanta ɗaya.

Littafin Larabci ba ya zama a layi ɗaya cikin sauƙi. Tsofaffin bugun Misira masu takarda ruwan ɗorawa sau da yawa littafi biyu ko uku ne a mujalladi guda: matani a sama ko a cikin baka, sharhi a tsakiya, hashiya a gefe, kowanne da mai shi, wani tsakaninsu ƙarni uku. Shafin suna zai faɗa, inda aka ce wa bihamishihi kaza. In ka rubuta babban sunan kawai, ka ɓatar da biyu. Ni abin da nake yi, lambar gida ɗaya ga mujalladin, sauran in ba su layinsu da lamba ɗaya ɗin in ƙara a da b. Sannan sunan muhaƙƙiƙi, wato wanda ya tace bugun, da maɗaba'a ba ado ba ne. Littafi ɗaya, bugun Halabi na Alƙahira daban, na Bairut daban, mai tahaƙiƙi daban, kuma kuɗinsu a kasuwa ba ɗaya ba. Tunda ƙima za a yi wa gado, wannan ne mai sayar da littattafai zai fara tambaya, shi da cikar juzu'ai. Saiti mai juzu'i goma da ya rasa ɗaya ya faɗi ƙwarai.

Sababbin suna da ISBN, amma a ciki take, a bayan shafin suna ko a shafin ƙarshe. Misira sukan rubuta attarƙimud dauli, Saudiyya kuma haruffa huɗu, ra, dal, mim, kaf. Bayan 978 na farko, Misira 977, Labanan 9953 ko 614, Saudiyya 9960 ko 603. Kada a rikita ta da raƙmul ida'i, wannan lambar ajiya ce a laburaren ƙasarsu, manhaja ba ta san ta ba. In yaronka ɗan boko ne zai taya ka, ka zauna kusa da shi. Biyar ta Larabci sifili za ta yi masa kama, shida kuma bakwai, sifilin kansa ɗigo ne da zai iya tsallakewa. Shekara kuwa a rubuta ta Hijira yadda take, a yi wani ginshiƙi na Miladiyya. Lissafin kusa: a ninka da 0.97 a ƙara 622, 1357 ta ba ka 1938, 1400 ta ba ka 1980, da saɓanin shekara ɗaya tunda 1400 ɗin a Nuwamban 1979 ta kama.

In ka tarar da rubutun hannu, warƙoƙi a sake cikin tadarishi ko gafaka, ko waƙoƙin ajami, ka dakata. Kada a ɗinke, kada a liƙa, kada a kai a yi musu leda da zafi. Kada ma a jujjuya tsarinsu, domin ba lambar shafi gare su ba, kalmar da ke ƙasan shafi ita take nuna wanda ke biye. A ƙirga warƙoƙi, a kwafi layin farko da na ƙarshe, don a ƙarshe mai kwafi yakan faɗi sunansa da wanda ya rubuta wa. Lambar a sa ta a 'yar takarda a cusa, ba a jikinsu ba. Gidan Arewa da ke Rabah Road da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a nan Kaduna duk suna ajiye irin waɗannan, akwai waɗanda suka san su, a je a nemi shawara. Akwatunan kuma a ɗaga su daga ƙasa a kan bulo, a ja su daga jikin bango kafin damina ta zauna.

Malamin Tarihi, Tudun Wada

Madalla, Allah ya biya ku. Na duba littafin tarihin nan, 978-978 ya fara, amma na sami wani na maɗaba'ar ɗaya a kantar, na lissafi, da lamba iri ɗaya sak. Ke nan uku suke raba ta da na aikin gonar.

Allah gafarta Malam na Unguwar Sarki, maganarka ta fito. Mun buɗe akwati na farko ni da wanmu, a sama-sama kawai mun ga guda biyu da sunan wani abokin Baba na Zariya wanda shi ma ya rasu, za mu nemi 'ya'yansa. Akwai kuma gafaka ɗaya, ban taɓa ta ba.

LibraryThing ta gane wasu na Hausa da ta farko ta ƙi, ba da yawa ba, amma ta gane. Na buɗe Excel yadda Malama ta tsara. Damuwata saurin hannu, da yatsa biyu nake bugawa, kuma in an ɗauke wuta batirin kwamfutar ba ya jimawa. Sannan sunayen Larabcin da wane harafi zan rubuta, na Larabci ko na boko? Wanmu Larabci yake so, ƙannena mata kuma boko suka fi karantawa.

Ɗan Rigasa

Baba, raba aikin biyu. Da rana ko wuta ko babu, ka rubuta lambar gida a littafi, ka ɗauki hoton shafin suna da bayansa da waya, lambar tana fitowa a hoton. Bugawa kuma a bar wa yara su yi daga hotunan lokacin hutu, a Google Sheets mutum biyu ko uku suna iya aiki a fayil ɗaya, kai kana dubawa. A nan na ɗan saɓa da Anti mai laburare, da Excel na kwamfuta ɗaya gara wannan, don in kwamfutar ta mutu ko aka sace ba a rasa komai ba. Kuma roƙo, na Hausar da babu su a ko'ina, in an samu sarari a shigar da su Open Library. Kowa yana iya buɗe asusu ya ƙara littafi kyauta, na bayanka in ya nema sai ya samu.

Mai Laburare, Unguwar Rimi

Ban ƙi Google Sheets ba, da sharaɗin duk ƙarshen wata a sauke kwafi a filashi, kuma na akwatunan Baba a buga shi a takarda, magada su sa hannu a kowane shafi. Yara kuma kada a bar su su ƙirƙiri sigar suna ko fanni, su ɗauka daga shafi na biyu, wanda babu su bar gurbin sai ka zo.

Larabcin a yi ginshiƙi biyu. Ɗaya da harafin Larabci yadda yake a shafin suna, ɗaya da boko yadda ake faɗinsa a zaure, ba irin na Turawa mai ɗige-ɗige a ƙasa ba. Jerawa da nema a yi su da na bokon, kuma a cire "al" na farkon suna a wannan ginshiƙin, in ba haka ba rabin akwatin zai taru a harafin A. In babu mai saurin buga Larabci a gidan, a fara da bokon, hoton shafin suna ya tsaya a madadin ɗayan har a samu. Ka fara da akwatunan tunda su ake jira, gafakar kuma ka ba ta lamba ɗaya tukuna har wanda ya san rubutun ya zo ku buɗe tare da wanku.